Ɗanyen kashin kaji ba taki ba ne tukuna

Da zarar ruwan farko ya sauka a Kumasi cikin Maris, sai masu ɗan lambu a bayan gida, daga Aboabo har Asawase, su fara neman kashin kaji. An daɗe ana cewa wanda aka kwaso yau daga ɗakin kaji ya fi ƙarfi. Ƙarfin nan kuwa shi ne matsalar.

Ɗanyen kashin kaji cike yake da amoniya, sinadarin nan mai warin fitsari, da gishiri. Idan ya taɓa saiwar ɗan tsiron latas ko kabeji, sai ya zuƙe ruwanta, ganye ya yi rawaya, ya yanƙwane. Mai lambu ya ɗauka ƙishi ne, ya ƙara ban ruwa, a banza.

Abin da ya fi damuna shi ne ƙwayoyin cuta irin su Salmonella. Ruwan sama na fantsama su kan latas, ga shi ɗanye muke ci da waakye.

A tara kashin da busasshen ganye ko garin katako, a jiƙa, a riƙa juyawa. Zafin tsibin, idan ya kai digiri 55 a ma'aunin Celsius, yana kashe yawancin ƙwayoyin cutar. Bayan wata biyu zuwa uku, in ya yi baƙi, warin ya tafi, sai a zuba a kunya.