An janye yajin aikin marubutan Hollywood: wa aka yarda ya koma aiki, wa ya karya yaji?

Tun daren Litinin 2 ga Oktoban 2023 da masu gabatar da shirye-shiryen hira na dare, Jimmy Fallon da Jimmy Kimmel da Stephen Colbert da Seth Meyers suka koma kan kujerunsu, maganganu iri-iri suka riƙa yawo a tsakanin masu bibiyar shirye-shiryen talabijin na Amurka. Wasu na cewa kotu ce ta tilasta wa marubuta komawa bakin aiki. Wasu sun ce waɗannan masu gabatarwa sun ci amanar jarumai, tunda su a lokacin suna cikin yaji, kuma wai za a gurfanar da su. Akwai kuma masu rantsuwa cewa an haramta ƙirƙirarriyar basira, wato AI, a Hollywood baki ɗaya. Babu wadda take daidai a cikinsu, sai dai ta ƙarshen tana da ɗan ƙamshin gaskiya, shi ya sa ta fi saurin ruɗa mutane.

Na fahimci inda maganar kotu ta samo asali. Mun saba ganin haka a gida. Ko a watan Satumban 2022, Kotun Ma'aikata ce ta umarci ASUU ta koma aji. A wannan rikicin babu alƙalin da ya sa baki. Ƙungiyar marubuta ta WGA, mai mambobi kusan 11,500, ta shiga yaji ranar 2 ga Mayun 2023, bayan ta kasa daidaitawa da AMPTP, inuwar da ke wakiltar kamfanoni irin su Netflix da Disney da Warner Bros. Ranar 24 ga Satumba aka cimma matsaya, shugabannin ƙungiyar da kansu suka janye yajin ranar 27 ga wata, bayan kwana 148. Sannan aka miƙa wa mambobi su kaɗa ƙuri'a: 8,435 suka ce sun amince, 90 suka ce a'a.

Abin da ke rikita mutane shi ne yaji biyu ne suka haɗu a lokaci guda, abin da rabon da a gani tun 1960. Jarumai suna da tasu ƙungiyar, SAG-AFTRA, kuma sun shiga nasu yajin ranar 14 ga Yuli. To amma ƙungiya ɗaya tana da yarjejeniyoyi da yawa da kamfanoni, kuma yajin jarumai a kan ta finafinai da wasannin kwaikwayo masu dogon zango aka yi shi. Shirye-shiryen hira da na gasa da na barkwanci irin Saturday Night Live suna ƙarƙashin wata yarjejeniya daban da ba a yi yaji a kanta ba. Saboda haka Colbert bai karya komai ba da ya koma. Rashin marubuta ne ya rufe shirinsa wata biyar, da suka dawo kuwa hanya ta buɗe. A lokacin, jarumi ma yana iya zuwa a yi hira da shi, muddin bai tallata fim ɗin kamfanin da ake yaji a kansa ba. Idan a lokacin ka ga an gayyato tauraro yana ta labarin littafinsa ko karensa, bai ce uffan game da sabon fim ɗinsa ba, dalilin ke nan.

Wannan ne kuma ya sa a lokacin duk mai jiran sabon zangon fim ɗin da yake bi sai da ya ƙara haƙuri. Marubuta sun koma ɗakunansu suna tsara labari, amma ba a fita lokeshan ba tare da jarumai ba, ga shi tattaunawarsu da kamfanoni ta watse ranar 11 ga Oktoban 2023.

Inda zargin karya yaji ya yi ƙarfi shi ne a watan Satumba, kafin a sasanta. Drew Barrymore ta sanar cewa za ta dawo da shirinta na rana ba tare da marubutanta ba. A wajen ƙungiyar jarumai ba ta yi laifi ba, sun ma fito sun faɗi haka. Amma WGA ta ce shirin yana cikin waɗanda take yaji a kansu, duk wani rubutu da aka yi masa karya yaji ne, mambobinta kuma suka yi cincirindo da kwalaye a ƙofar ginin CBS da ke New York. Masu shirya bikin kyautar littattafai ta National Book Awards suka janye gayyatar da suka yi mata ta jagorantar taron. Cikin mako guda ta ba da haƙuri ta fasa. Bill Maher, wani mai gabatar da shiri wanda shi ɗan WGA ne, ya ce shi ma zai dawo, sannan ya janye bayan 'yan kwanaki.

A nan tambayar ta fi wuya fiye da yadda ake ɗauka: mene ne rubutu? Idan mai gabatarwa ya zauna da safe ya tsara barkwancin da zai buɗe shiri da shi, ya rubuta a kati, a wajen ƙungiya ya yi aikin marubucin da ke tsaye a waje cikin rana. A yajin 2007 zuwa 2008, wanda ya ɗauki kwana 100, masu shirin dare sun koma ba marubuta, kuma an ga abin dariya: Conan O'Brien ya riƙa juya zoben aurensa a kan tebur ana ƙirga daƙiƙoƙin da zai yi kafin ya faɗi, don kawai a cike lokaci ba tare da an rubuta komai ba. Jay Leno kuwa ya rubuta wa kansa barkwanci, ƙungiya ta kai shi gaban kwamitin ladabtarwa, daga baya aka wanke shi.

To mene ne hukuncin? Ba ɗauri a ciki, kuma ɗan sanda ba shi da hurumi. Dokar ƙwadago ta tarayyar Amurka ta ba ma'aikaci 'yancin shiga yaji, ta kuma ba shi 'yancin ƙin shiga. Ƙa'idojin yajin WGA dokokin cikin gida ne na ƙungiya, kuma mambobinta kaɗai suka hau kansu. Wanda aka zarga ana kai shi gaban kwamitin 'yan uwansa marubuta, ya kare kansa, yana kuma iya ɗaukaka ƙara zuwa ga sauran mambobi. Idan laifi ya tabbata, ana iya yi masa tofin Allah tsine a bainar jama'a, ko a ci shi tara, ko a dakatar da shi, ko a kore shi. Tarar ba wasa ba ce: tun 1967 Kotun Ƙolin Amurka ta yarda ƙungiya ta ci tarar ɗanta da ya koma aiki ana tsaka da yaji, har ta bi kuɗinta ta kotu.

Akwai ƙofar fita, ita ma kotun ce ta buɗe ta. A 1985 ta yanke cewa ƙungiya ba ta da ikon hana mutum ajiye zamansa mamba, ko da ana cikin yaji. Wanda ya yi haka zai ci gaba da biyan wani kaso na kuɗin ƙungiya, ya yi aikinsa a ƙarƙashin yarjejeniyar, ba mai cin sa tara a kan abin da ya rubuta bayan ya fita. Amma ya rasa ƙuri'a, ya rasa takara, kuma a WGA wanda ya fita ta wannan ƙofa ba ya dawowa. Wanda ba ɗan ƙungiya ba kuwa, kamar sabon marubucin da kamfani ya lallaɓa ya yi masa aiki a ɓoye, ba yadda za su hukunta shi yau, sai dai sun faɗa ƙarara cewa za su iya hana shi rajista har abada. A ganina wannan ya fi kowane hukunci nauyi, kuma a kan mafi rauni yake faɗawa, domin attajirin mai gabatarwa zai biya tara ya wuce, yaron da ke neman shiga harkar kuwa an toshe masa hanya tun bai fara ba. Duk da haka ban ga yadda yaji zai tsaya ba idan kowane kamfani yana da 'yan ko-ta-kwana a bayan gida.

Hukuncin da ba a rubuta ba shi ne na ido. Barrymore ba ta biya ko sisi ba, amma da aka janye yaji, manyan marubutanta uku sun ƙi komawa shirin.

Abin da marubuta suka samu a ɓangaren kuɗi ba ya buƙatar dogon bayani. A yarjejeniyar ta 2023, an amince mafi ƙarancin albashi ya ƙaru da kashi 5 cikin ɗari a shekarar farko, sai 4, sai 3.5. An kuma ƙayyade yawan marubutan da dole a ɗauka: uku ga zango mai kashi shida ko ƙasa da haka, biyar ga mai kashi 7 zuwa 12, shida ga mai 13 zuwa sama, sai fa idan tun farko mutum ɗaya aka ɗauka ya rubuta zangon gaba ɗaya. Akwai tukwici ga shirin da ya yi farin jini a manhajojin kallo: idan kashi 20 cikin ɗari na masu rajista na cikin gida suka kalle shi a kwana 90 na farko, marubucin kashi mai tsawon awa ɗaya zai samu ƙarin dala 16,415. Katanga ce mai tsawo, shirye-shirye ƙalilan ne za su haura ta, kuma kallon da ake yi daga Kano ko Yamai ba ya cikin wannan lissafin. Inda rajistarmu ke tasiri shi ne kuɗin maimaici na ƙasashen waje, wato ladan da ake biyan marubuci idan ana ci gaba da nuna aikinsa, wanda aka amince ya dogara da yawan masu rajista a wajen Amurka, ya kuma tashi da kashi 76 cikin ɗari a manyan manhajoji cikin shekara uku.

Sai batun AI. Yarjejeniyar ba ta ce kada kamfani ya taɓa ChatGPT ba, ba ta kuma hana marubuci ba. Abin da ta ce shi ne duk abin da na'ura ta fitar ba za a ɗauke shi a matsayin rubutun marubuci ba, ba kuma za a ɗauke shi a matsayin tushen da aka gina labari a kai ba. Sai an san yadda ake biyan kuɗi a Hollywood za a ga amfanin wannan jimla. Wanda ya ƙago labari daga farko ya fi wanda aka ba gyara samun kuɗi, shi ke da babban suna a jikin fim, kuma daga sunan ake lissafa kuɗin maimaici da wasu haƙƙoƙi. Tsoron marubuta shi ne furodusa ya sa na'ura ta zubo masa shafi ɗari cikin minti biyar, ya miƙa wa marubuciya ya ce, "Hajiya, ɗan gyara mana wannan," ya biya ta ladan gyara alhali ita ce za ta rushe ta sake ginawa. A ƙarƙashin yarjejeniyar, idan ya yi haka, dole ya gaya mata cewa na'ura ce ta rubuta, kuma a lissafin kuɗi da na suna ita ce marubuciya ta farko. Ba zai tilasta mata amfani da AI ba. Ita ma idan tana so ta yi amfani da shi, sai kamfani ya yarda.

Nasara ce, ba shakka, amma kada a ɗauka kamfanoni sun yi wata babbar sadaukarwa. A watan Agustan 2023 wata alƙaliyar tarayya a Washington, Beryl Howell, ta tabbatar da matsayin hukumar haƙƙin mallaka cewa abin da na'ura ta ƙirƙira ita kaɗai ba shi da kariyar doka. Kamfanin da zai zuba miliyoyin daloli a fim yana buƙatar sunan ɗan Adam a jikin labarin, in ba haka ba mallakarsa na iya samun tangarɗa. Buƙatar ɓangarorin biyu ta zo ɗaya a nan.

Inda ba ta zo ɗaya ba, an bar shi a buɗe. Shin kamfani zai iya kwashe tsofaffin rubuce-rubucen marubuta ya ciyar da na'ura don ta koyi salonsu? WGA ta nemi a hana, ba ta samu ba. Abin da aka rubuta kawai shi ne ƙungiyar tana da damar ta yi da'awar cewa yin hakan ya saɓa wa yarjejeniya ko wata doka. Wato an ba ta izinin yin ƙorafi, ba a ce za ta yi nasara ba. Kuma a tsarin Amurka, labarin da aka ɗauki marubuci ya rubuta wa kamfani, kamfanin ne ke da haƙƙin mallakarsa, don haka idan aka je gaban alƙali marubuci ba a kan tudu yake tsaye ba. An ƙulla yarjejeniyar ne zuwa ranar 1 ga Mayun 2026, aka bar wannan batu da aka tsallake sai tattaunawar gaba.