Ƙarar da wanda ake bi bashi ke kai mai bin sa

Ƙara ce da wanda ya ci bashi ke shigarwa a kotu kan yadda aka bi shi wajen karɓa, kamar barazana, tozartawa a gaban iyali da maƙwabta, neman abin da ya wuce hakki, ko ƙwace kaya ba da izinin shari'a ba. Bashin yana iya zama gaskiya, amma duk da haka ƙarar ta karɓu.

A Amurka aka fi sanin irinta. Dokar tarayya ta 1977 ta hana kamfanonin karɓar bashi kiran mutum kafin ƙarfe 8 na safe ko bayan 9 na dare, ta hana zagi da ƙaryar cewa za a kama shi. Wanda aka cuta yana da shekara 1 ya kai ƙara, alƙali kuma na iya ba shi har dalar Amurka 1,000 ban da asarar da ya yi.

A Nijar, dokar OHADA (ƙungiyar ƙasashen Afirka masu dokokin kasuwanci iri ɗaya) kan karɓar bashi da aiwatar da hukunci ce ginshiƙi. An kafa dokar a Libreville a 1998, aka sabunta ta a Kinshasa a 2023. A Damagaram (Zinder) ƙarfin wanda ake bi ya fi bayyana wajen hana ƙwace kaya. Mai shago ko asusun bada rance ba shi da ikon ɗauke babur ko keken ɗinkin mutum da hannunsa. Sai ya samo takardar hukunci, ma'aikacin shari'a ya kai gargaɗin biya, a jira kwana 8 kafin a rubuta kayan da za a ƙwace. Idan alƙali ya ba da umarnin biya, wanda ake bi yana da ɗan wa'adi na ƙalubalanta, nan kuwa da yawa ke faɗuwa: takardar da Faransanci take, sai a ajiye ta har lokaci ya wuce. Alƙali na iya jinkirta biya ko ya rarraba shi, bai wuce shekara 1 ba. Ɗaukaka ƙara a Zinder ake yi, matakin ƙarshe kuma kotun OHADA ce a Abidjan.

Bashin kasuwa, wanda ba rubutu sai shaidu, galibi wurin mai unguwa ko fadar Sarkin Damagaram ake fara kai shi, domin doka ta ba sarakuna ikon sulhu.