Wayar da Aka Ja Domin Fanka Ba Za Ta Ɗauki Hita Ba

Gidaje da dama a tsofaffin unguwanninmu, daga cikin birnin Kano zuwa Tudun Wadar Zariya da rukunin gidajen da gwamnatoci suka gina a shekarun 1970 da 1980, har yanzu suna amfani ne da wayar da aka ja musu tun zamanin NEPA. A wancan lokaci abin da gida ke buƙata bai wuce ƙwayayen fitila da fanka da rediyo ba, sai talabijin ga mai hali. Yau kuwa wannan waya ita ce ke ɗauke da firiji da dutsen guga da hitar ruwa da injin tura ruwa tanki, a wasu gidajen har da na'urar sanyaya ɗaki. Fankar sama tana cin kimanin watt 75, amma butar lantarki guda tana iya cin watt 2,000, wato abin da ya fi na fanka ashirin. Idan wutar da ke bi ta cikin waya ta fi ƙarfinta, sai ta ɗauki zafi, robar jikinta ta bushe ta tsattsage, alhali duk wannan yana faruwa ne a cikin bango ko saman silin inda ido ba ya kaiwa.

Sai dai shekarun gini kaɗai ba su isa hujjar a farfasa bango ba. Waya mai rigar PVC, idan mai kyau ce kuma an zura ta cikin bututu yadda ya kamata, tana iya shafe shekaru masu yawa ba ta gaza ba. Haka nan ganin wayoyi masu launin ja da baƙi a madadin ruwan ƙasa da shuɗi yana nuna tsohon tsari ne kawai, ba lallai ne ya nuna lalacewa ba. Inda babu jayayya shi ne gidan da aka tarar da waya mai rigar roba da zare, irin wadda aka yi yayi kafin shekarun 1960, wadda da an lanƙwasa ta rigar ke marmashewa a hannu. Wannan cire ta za a yi gaba ɗaya.

Abin da ya fi tsufan waya haɗari a gidajenmu shi ne ƙare-ƙaren da aka yi wa wayarin daga baya. Idan yaro ya tashi aure sai a yanka masa ɗaki da falo a gefen tsakar gida, a jawo masa wuta daga soket ɗin ɗakin da ke kusa. Bayan 'yan shekaru a buɗe shago a jikin zaure, shi ma a jawo masa daga ɗakin angon, mai shago kuma ya ajiye firijin ƙanƙara. Duk wanda ya taɓa leƙa saman silin irin waɗannan gidaje da tocila ya san abin da ake gani: wayoyi masu kauri daban-daban an murɗe su da hannu, an naɗe da salatif da zafin kwano ya riga ya kwance, wani wurin ma da leda aka ɗaure, ga kashin ɓera da tsummokaran da ya tara a kusa da inda ya gwaguye robar har jan ƙarfe ya bayyana. A lokacin hunturu, da katako da silin suka bushe ƙayau kuma kowane ɗaki ya jona hita, tartsatsi ɗaya ya wadatar.

Tun kafin a kai ga haka gidan yakan yi gargaɗi. Soket ko makunni da ya yi baƙi ko ya narke a gefe, ko wanda ake jin ɗumi idan an ɗora masa hannu, yana nuna cewa mahaɗar da ke bayansa ta saki. Ƙaurin roba da ba a san inda yake fitowa ba, da ƙarar tsit-tsit a cikin bango, da fitilar da ke dusashewa duk lokacin da aka jona dutsen guga, duk sun cancanci a kira ma'aikaci a ranar. Idan kuma ƙofar firiji ko kan famfo ko ƙyauren ƙarfe yana ɗan jan mutum, musamman da damina, kada a ce ai ya saba yi. Wuta ce ke zurarewa, kuma jan da babba mai takalmi ya ji kaɗan yana iya kashe yaron da ya fito wanka ƙafa ba takalmi.

Daga nan sai a duba akwatin da wuta ke rabuwa. Aikin fis shi ne ya ƙone kafin waya ta ƙone, amma a gidaje da yawa da ya dami mutane da yankewa sai a ɗaura masa waya mai kauri domin a huta, wanda hakan daidai yake da sallamar mai gadi saboda yana tashin mutane idan ɓarawo ya shigo. Gidan da har yanzu yake kan irin wannan fis yana buƙatar sabon akwati mai bireka, wato makunnin da ke yanke wuta da kansa idan ta fi ƙarfin waya, tare da na'urar da ke yanke wuta nan take idan zurarewar ta kai miliyam 30 (miliyam awo ne na ɗan ƙanƙanin wuta), domin ita ce ke kare ran mutum. A tabbatar kuma akwai atin na gaske, wato sandar da aka kafa a ƙasa da wayar da ta haɗa ta da kowane soket, domin ba sau ɗaya ba akan buɗe soket mai ido uku a tarar waya biyu ce kawai a bayansa. Mai janareto ko sola shi ma ya sani cewa jona injin kai tsaye a soket, ba tare da makunnin sauya layi ba, yana iya mayar da wuta kan layin waje ta kama ma'aikacin da ke kan turke.

Hukunci na ƙarshe ba da ido ake yanke shi ba, da awo ne. A nemi ma'aikacin da ke da shaidar hukumar NEMSA, wadda ita ce ke tantance masu aikin wayarin a Najeriya, a kuma tambaye shi ko yana da na'urar auna ƙarfin rigar waya, wadda ma'aikata ke kira mega. Zai kashe wutar gidan, ya auna kowane layi daban, kuma layin da awon rigarsa ya gaza megohm 1 a na'urar ya faɗi. Wanda ya zagaya da ɗan testa kawai ya ce a sake komai, ko ya ce komai lafiya, bai duba ba. Idan awo ya nuna asalin wayar tana da kyau, ƙare-ƙaren ne suka lalace, to ya isa a cire su, a ja wa kowane sashe da kowace babbar na'ura layinta daga akwati. Idan kuwa yawancin layuka sun faɗi, ko babu atin a gidan baki ɗaya, faci ɓarnar kuɗi ne.

Na san kuɗin ba kaɗan ba ne, kuma a gidan gado ko gidan haya kowa yakan jira wani ya fara. Ana iya raba aikin kashi-kashi, a fara da akwati da atin, sannan kicin da banɗaki da ɗakunan da yara ke kwana. Abin da bai kamata a rage ba shi ne ingancin waya. A bisa ƙa'ida fitilu suna tafiya da waya mai kaurin 1.5mm², soket 2.5mm², hitar banɗaki da na'urar sanyaya ɗaki kuwa galibi 4mm². Kasuwa cike take da jabu, wadda kaurinta bai kai abin da aka rubuta ba, ko alminiyam ce aka shafa wa ruwan jan ƙarfe. A nemi mai tambarin hukumar SON mai kula da ingancin kayayyaki, sannan a kankare bakin wayar da wuƙa a gaban mai shago: idan fari ya bayyana a ƙarƙashin jan, a mayar masa da kayansa.