Shin Amurka ta haramta ƙara wa injin mota ƙarfi?

Kusan shekara goma ke nan ana yaɗa jita-jitar cewa gwamnatin Amurka ta hana sauke injin motar gudu a sake haɗa shi, kuma duk wanda ya ɗaura wa motarsa sufacaja, wato na'urar ƙara wa inji ƙarfi, za a ƙwace ta, a ci shi tarar da za ta kai shi ƙasa. Maganar takan lafa sannan ta sake tasowa, har ta iso kunnen 'yan uwanmu mazauna can da ke aikin kanikanci ko cinikin motoci. Akwai ƙamshin gaskiya a cikinta, amma an yi mata ƙarin gishiri mai yawa.

Dokar da ake nufi ita ce Dokar Tsaftar Iska ta 1970, musamman sashe na 203, wanda hukumar kare muhalli ta EPA ke aiwatarwa. Da farko masu ƙera motoci da dillalai ta fi shafa, amma gyaran da aka yi mata a 1990 ya haɗa da kowa, har mai motar da ke gyara a ƙofar gidansa. Babu inda sashen ya ƙayyade ƙarfin inji ko gudun mota. Abu biyu ya hana: cirewa ko kashe duk wata na'urar da aka sa wa mota domin rage gubar hayaƙi, da kuma ƙera, sayarwa ko ɗaura kayan da babban aikinsu shi ne kewaye wa irin wannan na'ura.

To, ina sufacaja ta shigo? Na'ura ce da bel ke juyawa daga jikin inji, tana cusa iska fiye da wadda injin zai iya zuƙa da kansa. Ƙarin iska na buƙatar ƙarin fetur, shi kuma ƙarin fetur ba ya samuwa sai an sake tsara ƙwaƙwalwar motar, wato kwamfutar da ke sarrafa inji, wadda ita ce kuma ke lura da tsaftar hayaƙi. A nan ne mutane ke faɗawa. Bakanike zai ga zafi ya yi yawa ko salansa ta shaƙe, sai ya fitar da matacin hayaƙin nan da kanikawan gida ke kira indomi, sannan ya umarci ƙwaƙwalwar ta daina kunna fitilar gargaɗi. Wannan shi ne laifin, ba ƙarfin da aka ƙara ba.

Sauke inji a sake masa fistan da zobba da gasket irin na asali ba shi da wata matsala ko kaɗan. Wanda kuma ya sauya wani abu, manufar da EPA ta fitar a Nuwambar 2020, wadda ta maye gurbin wata takarda ta 1974, tana neman ya kasance yana da hujja a rubuce cewa sauyin bai ƙara gurɓata hayaƙi ba. Hanya mafi sauƙi ita ce sayen kayan da hukumar iska ta Kalifoniya, CARB, ta gwada ta ba su lambar amincewa mai farawa da harafin D. Kamfanoni irin su Roush, Whipple da Edelbrock na sayar da irinsu. Na taɓa tsayawa a gaban wata Mustang mai inji lita 5.0, wadda ta fito daga kamfani da ƙarfin doki 460, aka kai ta sama da 700. Mai ita bai fara nuna mini sufacajar ba, sai da ya sa yatsa a kan wata 'yar takarda da aka manna a cikin bonet, mai ɗauke da wannan lamba, ya ce da ita yake wuce gwajin hayaƙi hankali kwance.

Batun tara shi ya fi firgita jama'a, domin ana cakuɗa adadi biyu. Nassin dokar ya sa har dala 25,000 a kan kowace mota ga kamfanin ƙera motoci ko dillali, da har dala 2,500 ga sauran mutane, haka nan a kan kowace na'urar kewaye da aka sayar. Ana ɗaga waɗannan kuɗaɗe saboda hauhawar farashi, ta yadda a 2020 suka kai dala 48,192 da dala 4,819. Masu yaɗa jita-jita babban adadin suke ɗauka su jingina wa mai mota ɗaya, alhali ba nasa ba ne. Abin da ke karya kamfanoni shi ne lissafin ɗaya-bayan-ɗaya: a 2016 Harley-Davidson ya amince ya biya dala miliyan 12 a kan na'urorin sauya ƙwaƙwalwar babur kimanin 340,000 da ya sayar. Sashen bai tanadi ƙwace motar mutum ba. Abin da ya fi samun mai mota a zahiri shi ne faɗuwa a gwajin hayaƙi na jiharsa, a hana shi sabunta rajista.

Wurin da ya rikice da gaske shi ne motocin tsere, kuma daga nan jita-jitar ta samo asali. A Yulin 2015, cikin wani dogon daftari da ya shafi manyan motocin dakon kaya, EPA ta saka wasu jimloli da ke cewa motar da aka ƙera domin titi ba ta fita daga ƙarƙashin dokar don kawai an mayar da ita ta filin tsere. A farkon 2016 ƙungiyar masu kayan gyaran motoci ta SEMA ta yi kururuwa, kuma a Afrilun shekarar hukumar ta janye jimlolin, sai dai ba ta sauya fahimtarta ta dokar ba. An yi ta gabatar da ƙudurin RPM a majalisa domin a halatta wannan sauyi ƙarara, bai zama doka ba. Hukumar dai ta sha cewa ba ta farautar wanda motarsa ba ta barin filin tsere.

A ganina wannan bai wadatar ba, domin bai kamata mutumin da ke ɗaukar motarsa a kan tirela zuwa fili ya dogara da alƙawarin jami'ai maimakon nassi ba. Amma ina fahimtar ɗari-ɗarin hukumar, tunda rubutun "na tsere ne kawai" a jikin kwali ya zama mafakar masu sayar da kayan da ke ƙarewa a kan titi. Rahotonta na 2020 ya ƙiyasta cewa an cire matatan hayaƙi daga a-kori-kura masu shan dizal fiye da 550,000 cikin shekara goma, kuma yaran unguwannin bakin manyan hanyoyi ne ke shaƙar wannan hayaƙi.

Mazauna Kalifoniya su ƙara kula, domin tun Yulin 2021 ana duba manhajar ƙwaƙwalwar mota yayin gwajin hayaƙi, kuma wadda ba ta kamfani ba ce ko ta CARB tana faɗuwa ko da salansarta cikakkiya ce. Lambar amincewar ma tana aiki ne ga samfurin mota da shekarar da aka rubuta mata kaɗai, saboda haka a karanta takardar kafin a biya kuɗi, a kuma adana ta tare da rasit ɗin gareji.