Ku daina cinna wa kututture wuta a gona

Bazara ta kama, hayaƙi ya fara tashi a gonaki. An tara kara a kan kututturen sabara da kalgo, an cinna wuta, wai ana gyaran gona. Haba 'yan uwa manoma! Kututturen nan da ransa. Saiwarsa ta riga ta kai inda laima take, ƙyale shi kawai yake so ya tofo.

Yau manyan kamfanonin abinci suna ta taro kan noman farfaɗo da ƙasa. Robert Rodale na Amurka ne ya yayata batun a shekarun 1980, amma babban aikin a ƙasar Hausa aka yi shi. A 1983 Tony Rinaudo, ɗan Ostareliya mai aiki da ƙungiyar mishan ta SIM a Maradi, ya ga dashen itatuwa yana ta mutuwa, sai ya koma rainon tofon kututture. Bayan yunwar 1984 manoma suka karɓa, maƙwabci yana gani wurin maƙwabci, suka sa masa suna sassaben zamani. Yanzu ana maganar hekta kusan miliyan 5 da itatuwa kimanin miliyan 200, galibi a Maradi da Damagaram. A 2020 gwamnatin Nijar ta fitar da dokar da ta ba manomi iko da itacen da ya raina a gonarsa. Amma wasunmu har yau ashana ce a aljihu.

Wai toka taki ce. Iskar bazara tana kwashe ta kafin ruwan farko, ƙasa ta zauna tsirara, rairayi ya binne shuka. Wai inuwa tana hana gero. To gawo fa? Da damina yake zubar da ganye, geron gindinsa ya fi na fili kyau, kowa ya sani. Duk da haka a ƙona ɗan gawo tun yana tsayin gwiwa!

Ga yadda ake yi, ba kuɗi:
- A kowane kututture zaɓi tofo 3 zuwa 5 masu ƙarfi, miƙaƙƙu, ka cire sauran.
- Wuƙa ko lauje mai kaifi, ka yi yankan daga ƙasa zuwa sama. In ka saro daga sama ɓawo zai tsage, ciwo ya shiga.
- Cire rassan gefe daga gindi zuwa rabin tsayin tofon kawai, kada ka aske shi duka, iska za ta karya shi.
- Ɗaura jan tsumma don mai neman itace ya san da mai shi.
- Leƙa bayan wata 2 zuwa 6 ka cire sabon tofo.

Rassan da ka cire na girki ne, ganyen ka bar shi a gona. Karan da ya rage bayan na dabbobi da darni, ka shimfiɗa shi inda ƙasa ta yi feƙo, gara za ta yi sauran aikin.