Waiwaye: wa ke biyan kuɗin titunan Najeriya?

A ƙarshen 2003 ne shugaba Olusegun Obasanjo ya ba da umarnin rushe shingayen karɓar kuɗin hanya, waɗanda direbobi ke kira tolget, a manyan titunan tarayya. Hujjarsa ita ce kuɗin da ake tarawa zurarewa suke yi kafin su kai baitulmali. Direbobi sun yi murna, amma da wannan mataki aka toshe babbar hanyar da ɗan kasuwa zai bi ya mai da uwar kuɗinsa idan ya gina titi.

Duk da haka a 2005 aka yi dokar da ta haifar da hukumar ICRC, mai kula da haɗin gwiwar gwamnati da kamfanoni. Babban gwajin shi ne titin Legas zuwa Ibadan, wanda aka damƙa wa kamfanin Bi-Courtney a 2009 na tsawon shekara 25. Aiki ya ƙi gaba ya ƙi baya, gwamnatin Jonathan ta soke yarjejeniyar a 2012, titin ya dawo wuyan gwamnati.

Zamanin Buhari sai aka koma lalube wasu aljihunan. A 2017 aka sayar da Sukuk, wato takardun zuba jari marasa kuɗin ruwa bisa tsarin Musulunci, na naira biliyan 100 don tituna 25, wanda ya jawo har masu gudun kuɗin ruwa. A 2019 aka fito da tsarin da kamfani zai gina titi a cire masa daga harajinsa, irin yadda Dangote ya shimfiɗa titin kankare na Obajana zuwa Kabba. NNPC ma ya ɗauki tituna 21 a kan naira biliyan 621. Ana kiran wannan jarin 'yan kasuwa, amma a ganina sunan bai dace ba: haraji ne da ya kamata ya shiga asusun ƙasa, kamfani ya kashe shi a hanyar da galibi motocinsa ke bi.

Mu a Arewa, titin Abuja zuwa Kano ne ma'auninmu. Julius Berger ya kama aikin a 2018, har da wani kaso na kuɗin Abacha da aka dawo da su aka zuba. Daga Kaduna zuwa Kano an ga canji, amma tsakanin Abuja da Kaduna matafiya sun daɗe suna cunkushe a hannu ɗaya, tirela na gaba, ƙura na baya. A 2024 aka karɓe wannan ɓangare daga kamfanin.

Tolget kuwa ya dawo. Tun Fabrairun 2025 ake biyan kuɗi a hanyar Keffi, Akwanga, Lafiya zuwa Makurdi, wadda aka faɗaɗa da bashin China.