Yusuf Islam (Cat Stevens) da yadda kallon da duniya ke masa ya riƙa sauyawa

Yusuf Islam mawaƙi ne ɗan Birtaniya wanda a da aka sani da Cat Stevens, an haife shi a Landan ranar 21 ga Yuli 1948, sunan da iyayensa suka raɗa masa Steven Demetre Georgiou. Babansa Bagirke ne daga tsibirin Saifurus, mamarsa kuma 'yar Siwidin ce, suna da gidan abinci a tsakiyar Landan kusa da unguwar gidajen wasan kwaikwayo, a saman gidan abincin ma ya tashi. Makarantar Katolika ya yi duk da cewa gidansu ba 'yan Katolika ba ne. Ya kwashe sama da shekara hamsin ana ganinsa ana jinsa, kuma da wuya ka samu mawaƙin da hotonsa a idon jama'a ya juya sau da yawa irin nasa, don akwai waɗanda suka san shi a matsayin saurayi mai jita da waƙoƙin soyayya, akwai waɗanda ba su taɓa sanin ya yi wannan rayuwar ba sai dai malami mai gemu da jallabiya, akwai kuma waɗanda har gobe in aka ambaci sunansa abu ɗaya suke tunawa, maganar da ya yi a 1989 kan fatawar kisan marubuci Salman Rushdie.

Yaron kamfani

Ya shiga harkar yana ɗan shekara 18. A 1966 aka fitar da faifansa na farko ƙarƙashin kamfanin Deram, a 1967 kuma waƙarsa "Matthew and Son" ta kai lamba 2 a jerin waƙoƙin Birtaniya. A lokacin kamfani ne ke yanke komai, kayan da zai sa, hoton da za a ɗauka, irin kiɗan da za a zuba a bayan muryarsa, sai aka fito da shi tsaf-tsaf cikin kwat mai sheƙi, ga ƙaho ga goge ga tarin makaɗa, yaro na 'yan mata da mujallu. Ya yi rangadi a wannan shekarar tare da Jimi Hendrix da Engelbert Humperdinck. Abin da mutane ba su lura da shi sosai ba a lokacin shi ne yaron da kansa yake rubuta waƙoƙinsa, ɗaya daga ciki ma ya sayar wa mawaƙiya P. P. Arnold a kan fam 30 kacal, daga baya Rod Stewart ya rera ta ta zagaye duniya.

Sai tarin fuka ya kwantar da shi a ƙarshen shekarun 1960, cutar ta yi tsanani har huhunsa ɗaya ya lalace, ya yi watanni a asibiti a garin Midhurst sannan ya yi kusan shekara yana jinya a gida. A nan ne ya fara karance-karance kan addinai da zuzzurfan tunani, ya kuma rubuta waƙoƙi masu yawa da suka riƙe shi shekaru.

Mai jita da gemu

Wanda ya tashi daga jinya kamar ba shi ba. Ya bar gashi ya bar gemu, ya rabu da tsohon kamfani ya koma Island Records, aka rage kiɗan ya koma jita da fiyano da murya kawai a mafi yawan lokuta. Tsakanin 1970 da 1972 ya saki kundaye huɗu, kuma "Tea for the Tillerman" na 1970 da "Teaser and the Firecat" na 1971 su ne har yau ake auna shi da su, shi ya ma zana hotunan bangonsu da hannunsa don ya taɓa makarantar zane. Na 1972 ya hau lamba 1 a Amurka. Hoton da ya zauna a zukatan mutane daga wannan zangon shi ne na saurayi mai sanyin hali mai neman gaskiya, yana waƙa kan zaman lafiya, kan saɓanin uba da ɗa, kan inda yara za su yi wasa in gine-gine sun cinye ƙasa. Wannan hoton kuwa ya yi ƙarfi sosai, shi ya sa duk abin da ya biyo baya masoyansa na Turai da Amurka da shi suke gwadawa su ga ya yi daidai ko bai yi ba.

Amma ko a lokacin bai zauna lafiya da shaharar ba. Ya koma Barazil da zama saboda nauyin haraji a Birtaniya, ya leƙa addinin Buddha, ya leƙa ilimin taurari da na lambobi, waƙoƙin da ya yi a tsakiyar shekarun 1970 ma ba su samu karɓuwa irin ta farko ba.

Musulunta da barin dandamali

Labarin da shi kansa ya sha bayarwa shi ne, a tsakiyar shekarun 1970 yana iyo a teku a Malibu ta jihar Kalifoniya igiyar ruwa ta ja shi, ya ga mutuwa ƙiri-ƙiri, ya roƙi Allah in ya kuɓutar da shi zai yi masa aiki, sai wata igiyar ta turo shi gaɓa. Ba da jimawa ba yayansa David ya kawo masa tsarabar fassarar Alƙur'ani bayan wata tafiya da ya yi Birnin Ƙudus. Ya karɓi Musulunci ranar 23 ga Disamba 1977 a babban masallacin Regent's Park na Landan, a 1978 ya ɗauki sunan Yusuf Islam, ya kuma bayyana cewa ƙissar Annabi Yusuf ce ta taɓa shi, mutumin da aka kai kasuwa aka sayar, don shi ma haka ya ji an yi da shi a kasuwar waƙa. Ya yi aure a 1979, a watan Nuwamba na shekarar ya hau dandamali a Wembley a taron tara kuɗi na UNICEF, daga nan shiru. Ya kuma yi gwanjon kayan kiɗansa ya ba da kuɗin sadaka.

A nan ne hoton ya rabu gida biyu kuma bai sake haɗuwa ba tsawon shekaru. Jaridun Turai suka ɗauke shi a matsayin tauraron da ya ɓace, wasu na tausayi wasu na ba'a, kamar dai an yi masa asiri an raba shi da hankalinsa. A wajen Musulmi kuwa ya zama abin alfahari, ga Bature mai kuɗi mai suna ya bar duniya ya kama Allah, ana ba da labarinsa a wa'azi ana raba kasset ɗin jawabansa. Ni a ganina duka ɓangarorin biyu sun rage masa tsawo, kowa ya ɗauki abin da ya yi masa daɗi ya bar sauran, alhali mutumin aiki yake ta yi na zahiri. A 1983 ya kafa makarantar firamare ta Islamia a arewa maso yammacin Landan, ya yi ta fafutuka shekara da shekaru har a 1998 gwamnati ta amince ta riƙa ba ta kuɗi kamar yadda take ba makarantun coci da na Yahudawa, tana cikin makarantun Musulmi na farko da suka samu haka a Birtaniya. Yana kuma cikin waɗanda suka kafa ƙungiyar agaji ta Muslim Aid a 1985.

Shekarar 1989

Babu abin da ya ɓata masa suna a Yamma kamar wannan. A watan Fabrairu 1989, kwanaki kaɗan bayan Ayatullahi Khumaini ya ba da fatawar kisa a kan marubuci Salman Rushdie, an tambaye shi a wata lacca da ya yi wa ɗalibai a Kingston ta Landan, amsar da ya bayar jaridu suka buga ta a matsayin goyon bayan fatawar, sannan maganganun da ya yi a wani shirin talabijin a shekarar suka ƙara wa wutar fetur. Gidajen rediyo da dama a Amurka suka daina sa waƙoƙinsa, wasu suka farfasa fayafayansa, ƙungiyar mawaƙa ta 10,000 Maniacs ta cire waƙarsa "Peace Train" da ta rera daga kundinta. Shi dai ya dage tun lokacin har yanzu cewa bai taɓa goyon bayan a kashe kowa ba, bayanin hukunci ya yi kamar yadda ya karanta yana sabon ɗalibi, ya kuma ce ya yi nadamar wasu kalaman da ya furta a talabijin. Rushdie bai karɓi wannan bayanin ba. Abin da ya sa raunin ya yi zurfi shi ne mai waƙar zaman lafiya ne aka ji da wannan magana, da wani ne daban da tuni an manta.

Dawowa a hankali

Bai dawo da tsalle ɗaya ba. A 1995 ya fitar da tarihin Annabi (SAW) cikin magana da 'yan waƙoƙi, murya da ganga kawai babu jita. Yaƙin Bosniya ya taɓa shi ƙwarai, a 1997 ya yi waƙa a Sarayebo, a 2000 kuma ya saki kundin yara "A is for Allah" wanda asalin waƙar ya yi ta ne don koya wa 'yarsa harafin farko. Musulmi da yawa a Afirka da Asiya ta wannan ƙofar suka san shi, a wajensu Yusuf Islam mai nashida ne, sunan Cat Stevens sai daga baya suka ji.

Bayan harin 11 ga Satumba 2001 ya fito fili ya yi Allah wadai, duk da haka a Satumba 2004 jirgin da ya ɗauko shi daga Landan zuwa Washinton aka karkatar da shi zuwa Bangor a jihar Maine, aka sauke shi aka mayar da shi gida wai sunansa na cikin jerin waɗanda aka hana shiga Amurka. Ministan harkokin wajen Birtaniya na lokacin Jack Straw ya kai kuka wajen takwaransa Colin Powell. Wata biyu bayan haka a birnin Rum taron waɗanda suka ci kyautar Nobel ta zaman lafiya ya ba shi lambar yabo ta mutumin zaman lafiya, Mikhail Gorbachev ne ya miƙa masa, ka ga a cikin shekara guda mutum ɗaya wata ƙasa na ganinsa barazana wasu na karrama shi. A 2005 jaridun The Sun da Sunday Times suka biya shi diyya suka nemi afuwa kan alaƙanta shi da ta'addanci.

Jitar kuwa ɗansa ne ya shigo da ita gida, uban ya ɗauka ya ga yatsunsa ba su manta ba. Ya ce ya sake nazarin maganganun malamai ya ga akwai saɓani kan kayan kiɗa, ya kuma duba tarihin Andalus da rawar da Musulmi suka taka wajen shigar irin waɗannan kayan Turai. A 2006 ya fitar da "An Other Cup", kundinsa na zamani na farko cikin shekara 28, a bangon aka rubuta Yusuf kawai. Nan fa wasu daga cikin Musulmin da suka ɗaga shi sama suka juya masa baya, suna cewa ya koma gidan jiya, har sai da ya rubuta ɗan littafi a 2014 yana bayanin dalilin da ya sa yake riƙe da jita har yanzu. Tsofaffin masoya su ma ba duka suka gamsu ba, a wani wasa da ya yi a Dublin a 2009 wasu sun yi masa ihu don sun biya kuɗi ne su ji tsofaffin waƙoƙi shi kuma ya kawo musu sabon abu.

Sunaye biyu a bango ɗaya

A 2014 aka shigar da shi zauren girmamawa na Rock and Roll Hall of Fame a Amurka, ƙasar da ta mayar da shi daga filin jirgi shekara goma kafin nan. Daga 2017 ya fara sa Yusuf / Cat Stevens a kan kundayensa, wato ya daina gudun tsohon sunan, kundin wannan shekarar ma shi ya samo masa shiga takarar kyautar waƙa ta Grammy karo na farko a rayuwarsa. A 2020 da "Tea for the Tillerman" ya cika shekara 50 ya sake rera shi gaba ɗaya, kuma a waƙar "Father and Son" ya yi wani abu mai taɓa zuciya, ɓangaren ɗan aka ɗauko muryarsa ta 1970 lokacin yana ɗan shekara 22, ɓangaren uban kuma ya rera da muryarsa ta tsufa, dattijo na ba saurayin da ya kasance shawara ya yi haƙuri ya bi a hankali, saurayin na cewa dole ya tafi.

A Yuni 2023 yana da shekara 74 ya hau babban dandamalin bikin kiɗa na Glastonbury a Ingila a gurbin da ake ware wa manyan tsofaffin mawaƙa, da farin gemunsa da tabarau da jita, dubban mutane na amsa masa waƙoƙin 1970 baki ɗaya. Yana zaune a Dubai mafi yawan lokaci, yana ci gaba da aikin agaji, kuma har yanzu duk hirar da zai yi da 'yan jaridar Yamma da wuya a tashi ba a tambaye shi maganar 1989 ba, in kuma da Musulmi ne tambayar jita ce ke fitowa.